Jinkirin Harsashi

Sha ɗayan dare a Punta Arenas,
iska na bugun kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Sau uku na wanke hannu, ƙarnin ƙaguwa ya ƙi fita,
yini guda ina ɓare ta a masana'anta, yatsu sun yi tsami.
Na maƙala lasifika a kunne, na danna,
allo ya wage baki ya haɗiye ni:
ga ni a wata duniya mai rana biyu,
sanye da sulken da na yi wata huɗu ina tara wa ƙarafa.

Nibaldo na tsaye a ƙofar kumbo.
Ƙanena.
A duniyar gaske yana Calama,
cikin hamadar da ake haƙar tagulla,
tafiyar da mota ke kwana huɗu ba ta ƙure ba.
A nan taku biyu ne tsakaninmu.
Ya ɗaga bindigar walƙiya, gaisuwarsa ke nan.
"Yasna, kin makara."

Kullum a makare nake.
Ba ni ba ce, layin ne.
Daga gindin duniya saƙo sai ya yi tattaki,
ya ratsa ƙanƙara, ya ratsa teku, kafin ya kai.
Abin da idona ke gani ya riga ya wuce,
dodon ƙarfen da na saita ya bar wurin tun ɗazu.
Rabin ƙiftawar ido ne, in ji masana,
amma a fagen nan rabin ƙiftawa kabari ne.
Na mutu ya fi sau ɗari kafin na koya:
kar ki harbi inda yake,
harbi inda zai je.

Mu huɗu ne ayarin.
Akwai wani ɗan Temuco da ba mu san sunansa ba, sai tarinsa,
da Fresia mai gadin asibiti, mai zagi da dariya a numfashi ɗaya.
Ni ce mai magani.
Wanda ya faɗi in durƙusa a kansa,
in zuba masa koren haske, ya miƙe garau,
ko tabo babu.
Da ma haka take.

Don a ɗakin da ke bayan wannan bango
mahaifiyarmu na barci, ko tana ƙirga katakon rufi.
Da safe na kai mata shayi,
ta dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo,
ta ce, "Baiwar Allah, 'yata ba ta dawo ba?"
Mako uku ke nan.
Mako uku ina tauna maganar, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Mun kai gada ta bakwai, inda uwar dodanni ke kwana,
wuta na zuba shuɗiya da ja,
Fresia na ihu a bi ta hagu.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
to Nibaldo kwalkwali gare shi, gilashi baƙi ƙirin.
Wataƙila shi ya sa na iya.
Na ce, "Mama ba ta gane ni."

Ya tsaya cik.
Mutum-mutuminsa a tsakiyar gada, hannu a sake,
harsasai na cin sulkensa kamar gara.
Layi ne ya yanke, ko shi ne?
Ban sani ba.
Na shiga gabansa na buɗe garkuwa,
ina kallon jinina na raguwa a kusurwar allo,
kore, rawaya, ja.
Ɗan Temuco ya daina tari.

Muka faɗi, mu huɗun duka.
Allo ya yi duhu, ya nuno mini fuskata,
da kofin da ban wanke ba.

Can, daga hamada,
a makare kamar komai namu,
muryarsa ta iso, ba ta jarumin sulke ba,
ta yaron da na goya zuwa makaranta:
"Akwai jirgi ran Juma'a.
Ki ce mata... a'a. Bari in zo ta gan ni."

Iska ba ta fasa bugun kwano ba.
A ƙasan allo rubutu na ƙiftawa, a sake ko a bari.
Fresia ta ja hanci, ta ce,
"Wannan karon dai, don Allah, ta hagu."